Yadda mai horarwa zai taimaka wa mai ba iyali shawara idan aiki ya cije

Aikin ba iyali shawara yakan cije, kuma ba sabon shiga kaɗai yake cije wa ba. Ana zama na biyar ko na shida, maganar da aka yi ranar farko ita ake ta nanatawa. Miji ya fara aiko da uzuri, mata na zuwa da ƙorafin makon jiya, shi kuwa ma'aikacin da ke zama da su gabansa na faɗuwa duk ranar da ya ga sunansu cikin masu zuwa. Wannan bayani na wanda ke bayan ma'aikacin ne: babban jami'i a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibiti, shugabar ofishin jin daɗin jama'a, malamin da ke duba ɗalibai lokacin koyon aiki, ko dattijon da ke jagorantar kwamitin sulhu. Zan kira shi mai horarwa, wanda yake dubawa kuma ɗalibi, ko da ya shekara goma yana aiki.

Abu ɗaya nake so a riƙe tun daga nan. Idan ɗalibi ya kawo maka aikin da ya cije, zuciyarka za ta raya maka ka warware matsalar iyalin daga kan kujerarka, ka ba shi amsa ya kai musu. Ka yi ƙoƙari ka danne wannan. Kai ba ka zauna da mutanen nan ba, labari kawai ka ji, daga bakin wanda ya riga ya gaji da su. Wanda ke gabanka shi ne ɗalibin, kuma galibi a inda ya tsaya cikin ɗakin zaman ne aikin ya maƙale. Idan ya sami damar motsawa daga wurin, iyalin ma sukan motsa.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce ɗalibarka budurwa ce mai shekara 27, tana zama da wani gida da aka turo mata saboda yaro ɗan shekara 15, ɗan farin uwargida, wanda ya daina zuwa makaranta ya fara kwana a waje. Uban ɗan kasuwa ne, ya ƙara aure shekara biyu da suka wuce. A kowane zama uwa ce ke magana, uba na duba waya, yaro ya sunkuyar da kai. A zama na shida uban bai zo ba, ya aiko cewa kaya sun iso kasuwa. Ɗalibar ta shigo ofishinka ta ce, "Malam, mutumin nan ba ya son a gyara. Ni dai na yi iya yina."

Mataki na 1: Gyara tsakaninku tun aiki bai cije ba

Ɗalibi ba ya kai aikin da ya gagare shi wurin mutumin da yake tsoro. A 1996 Nicholas Ladany da abokan aikinsa a Amurka sun tambayi masu koyon aikin ba da shawara 108, kashi 97 cikin 100 suka amsa cewa akwai abin da suka ɓoye wa mai duba aikinsu. Cikin abubuwan da aka fi ɓoyewa har da kurakuran da suka yi a zama, da kuma abin da bai yi musu daɗi ba game da mai horarwar kansa. To ina ga wajenmu, inda ƙarami ba ya haɗa ido da babba, kuma "ban iya ba" magana ce mai nauyi a gaban wanda zai sa hannu a takardar ƙarin girma?

Saboda haka ranar farko ku yi yarjejeniya a fili. Ku tsai da rana da lokaci, awa ɗaya a mako ko a mako biyu, a rufe ƙofa, a kife waya. Ka faɗa masa kai tsaye cewa gidan da ya fi ba shi wahala kake so ya fara kawowa, kuma ka bayyana masa yadda kake auna aikinsa, ya san cewa kawo aikin da ya cije ba ya rage masa maki. Sannan ku shirya ɗaukar sautin zama ko bidiyo. Wannan sai da izinin kowa a gidan, a rubuce, har da yaron, bayan an faɗa musu wa zai saurara da ranar da za a goge. Kada a tura irin wannan sauti ta WhatsApp, kada kuma ya kwana a wayar da yaran gida ke wasa da ita. Wanda ya ƙi yarda a ɗauka, a bar shi, akwai wata hanya a mataki na 3.

Mataki na 2: Tabbatar babu wanda ke cikin haɗari

Kafin komai ka tambaya: ana duka a gidan? Akwai wanda ke tsoron wani? An taɓa ganin kowannensu shi kaɗai? An tambayi yaron kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa? Me yake sha, tun yaushe? Akwai wanda ya daina barci, ya daina cin abinci, ko yake jin muryoyin da wasu ba sa ji?

Matar da ake duka ba za ta faɗa a gaban mai dukanta ba, kuma abin da ta furta a ɗakin zama tana iya biyan kuɗinsa da dare. Idan haka ne, shirun da ɗalibi ya ɗauka taurin kai ne kariyar kai ce. A nan mai horarwa umarni yake bayarwa: a dakatar da zaman haɗaka, a ga kowa daban, a tsara yadda za a kare wanda ake cutarwa. Ka san matsayin jiharka kan dokar hana cin zarafi ta 2015 da hukumar da ake kai wa rahoto. Idan alamun ciwon ƙwaƙwalwa ne, a tura wurin likita, ko a sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa mafi kusa ko asibitocin da aka keɓe irin na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano ko na Maiduguri. Sai an tsallake wannan ake ci gaba.

Mataki na 3: Nemi minti biyar na zaman, ka bar taƙaitaccen labari

"Ba ya ba da haɗin kai" hukunci ne, kuma ba a aiki da hukunci. Ka ce mata, "Kunna min inda kika fara jin abin ya kuɓuce miki." Akwai hanyar da Norman Kagan ya tsara a Jami'ar Jihar Michigan a shekarun 1960, kuma har yau ban ga wadda ta fi ta sauƙi ba: ɗalibi ne ke riƙe da na'urar, shi ke tsayar da sautin duk inda ya tuna wani abu ya motsa a ransa, kai kuma tambaya kawai kake yi. Me kika ji a jikinki a nan? Me kika so ki faɗa kika fasa? Me kike zaton Alhaji ya ɗauka kina nufi? Da kina da dama ki koma wannan daƙiƙar, me za ki yi?

Idan babu sauti, a jera kujeru yadda suka zauna, ta nuna maka wa ke kusa da wa, wa ke bakin ƙofa, ita kuma ina ta fuskanta. Nan gaba ta riƙa rubuta musayar magana guda ɗaya da zarar an tashi, kalma da kalma gwargwadon abin da ta tuna.

A misalinmu ga abin da za ku ji. Uwa ta ce, "Tun da ya yi amarya ya manta yana da ɗa." Ɗaliba ta juya ta ce, "Alhaji, ka ji abin da Hajiya ta ce?" Alhaji ya ce, "Na ji," ya zaro waya. Yaro ya ƙara sunkuyawa. Ɗaliba ta koma wurin uwa, don ita kaɗai ke ba ta abin da za ta yi aiki da shi. Bayan minti goma a sake yin haka. Kada ka yi saurin nuna mata. Ka mai da sautin baya, ku sake ji, ka ce ta lissafa maka abin da ke biyo bayan wane. Abin da ta gano da kunnenta zai zauna mata fiye da wanda ka faɗa.

Mataki na 4: Zana taswirar gidan, a sa ɗalibin a ciki

Murray Bowen, likitan ƙwaƙwalwa da ya yi aiki a Jami'ar Georgetown, shi ya yaɗa al'adar zana iyali har zuriya uku, murabba'i ga namiji, da'ira ga mace, layi ga aure da haihuwa. A 1985 Monica McGoldrick da Randy Gerson suka daidaita alamomin da ake amfani da su yanzu. Gidan Bahaushe yana buƙatar babbar takarda. A sa kishiyoyi da jerin shigowarsu, 'yan uba da 'yan ɗaki, agola, yaron da aka ba riƙo, waliyyin da ya ɗaura auren, wanda ke biyan kuɗin makaranta, da wanda in ya yi magana ba a musu. A rubuta shekarun mutuwa, aure, saki da ƙaura.

Sau da yawa a nan ne ɗalibi zai ga yawan abin da bai tambaya ba. A ce a misalinmu ta koma ta tambaya, sai ta tarar yaron a hannun kakarsa ya tashi, mahaifiyar Alhaji, kuma ta rasu watanni kaɗan kafin auren amarya. Ke nan shekara biyun da uwa ke ƙirgawa daga ranar biki, yaron wataƙila daga ranar jana'iza yake ƙirga su. Uban ma uwa ya rasa, kuma babu wanda ya yi masa wannan maganar a zama shida.

Akwai kuma abin da ɗalibin da ya yi karatu da littattafan Turai da Amurka zai iya karantawa a karkace. Yaron ɗan fari ne. A gidaje da yawa uba ba ya sakin jiki da ɗan fari, uwa ma ba ta kiran sunansa, wani lokaci shi ya sa ake ba kaka riƙonsa tun farko. Uban da aka ce ya dubi ɗansa na fari ya faɗa masa yana ƙaunarsa, a gaban matarsa da wata baƙuwa, an nemi ya yi abin da bai taɓa ganin namiji ya yi ba. Haka miji ba zai buɗe baki a gaban surukinsa ba, mace kuma tana iya zagaye sunan mijinta har a tashi. Ka tambayi ɗalibar: a gidan nan, ta wace hanya uba ke nuna ya damu da ɗa? Wataƙila ta hanyar aika shi banki da kuɗin shago ne, ko tafiya da shi masallacin Juma'a.

Bayan an gama zanen, miƙa mata biro ka ce, "Sa kanki." Bowen ya yi bayanin cewa idan zafi ya yi yawa tsakanin mutum biyu sukan jawo na uku su rage nauyi a kansa, kuma mai ba da shawara ya fi kowa sauƙin jawowa. Za ta ɗan yi jim, ta sa alamarta gefen uwargida. Daga kujerar Alhaji ke nan abin da ake gani shi ne mata biyu, ɗaya sa'ar ƙanwarsa, suna jiran ya amsa laifi.

Tambaya ta ƙarshe a wannan mataki: wa ya kamata a ce yana ɗakin da ba ya nan? Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da a ɗauko mai sulhu daga dangin miji da wani daga dangin mata idan aka ji tsoron ɓaraka, kuma mutanenmu sun san wannan tun kafin a buɗe ofishin ba da shawara. Baffan yaron, ko gwaggon da ta yi jinyar kakar, na iya buɗe ƙofar da ta gagari ɗalibarka. Sai dai a tambayi kowane ɓangare kafin a gayyato wani, don dangi na iya zuwa da gyara, suna kuma iya zuwa da taron dangi a kan mutum ɗaya.

Mataki na 5: Lissafa abin da aka riga aka gwada

Masu bincike a cibiyar nazarin halayyar ɗan Adam ta Palo Alto a Kalifoniya, Paul Watzlawick da John Weakland da Richard Fisch, sun nuna a 1974 cewa sau da yawa maganin da ake ta maimaitawa shi ke riƙe da matsalar. Kamar motar da ta kafe a taɓo da damina ce, direba na ƙara taka totur, taya na ƙara nutsewa. Ku rubuta duk abin da ɗalibar ta yi: ta roƙi Alhaji ya yi magana, ta yi masa bayanin muhimmancin uba, ta ba shi aikin gida, ta kira shi a waya. A ido abubuwa huɗu ne, amma duk saƙo ɗaya suke kai masa, cewa shi ne matsalar. A wajenmu abin da aka fi maimaitawa shi ne nasiha da "a yi haƙuri". Ba na raina nasiha, tana da wurinta, amma gidan da ya kai ga ofishinku ya riga ya sha ta daga liman, daga iyaye, daga maƙwabta. Idan ta shida ba ta yi aiki ba, ta bakwai ma da wuya.

Mataki na 6: Tambayi zancen zucin ɗalibin, amma ka san iyakarka

Wannan shi ne mataki mafi laushi. Peter Rober, masani a Beljiyam, ya rubuta a 1999 cewa mai ba da shawara yana zama biyu a lokaci guda, ɗaya da iyalin, ɗaya a cikin ransa, kuma aiki yakan cije idan akwai abin da ke tasowa a zancen zucin nan da ya rasa yadda zai yi da shi. Haushi ne, ko tsoro, ko tausayin da ya wuce kima, ko kunya. Harry Aponte kuma, wanda ya daɗe yana koyarwa a Filadelfiya, ya gina horarwarsa kan cewa kowane ma'aikaci na da wani tabo nasa da yake shiga ɗaki da shi, kuma ya fi kyau ya san shi ya yi aiki da shi a kan ya yi kamar babu.

Ka nemi izini kafin ka shiga. "Malama, zan yi miki wata tambaya, in ba ki so kada ki amsa. Idan Alhaji ya zaro wayar nan, wa yake tuna miki?" Tana iya cewa babu kowa, kuma ka karɓa. Tana iya yin shiru ta ce mahaifinta ma ya yi amarya tana aji ɗaya a sakandare, kuma ta san irin kukan da Hajiya ke yi. Idan ta faɗa, ka gode mata, kada ka mai da shi hujjar kama ta da laifi. Abin da ta sani game da zaman ɗan uwargida ilmi ne da kai wataƙila ba ka da shi. Tambayar ita ce yadda za ta yi amfani da shi ta fahimci yaron ba tare da ta hukunta uban da laifin wani uba ba.

Akwai kuma abubuwan da ba tabo ba ne, matsayi ne: shekaru, jinsi, aure, arziki, ilmin addini. Budurwa da ke yi wa magidanci mai mata biyu tambaya kan gidansa tana ɗauke da nauyin da kai namiji mai furfura ba ka ɗauka. Ku yi maganarsa a fili, ku nemi yadda za ta faɗe shi a ɗakin da bakinta, misali, "Alhaji, na san a haife ka kusa haifata, kuma ban san zaman gida kamar yadda ka san shi ba, shi ya sa nake so ka fahimtar da ni."

Iyakar ita ce wannan: kai mai duba aikinta ne, kuma kai ke rubuta rahoto a kanta. Ana taɓa tarihinta ne gwargwadon yadda ya shafi gidan da ke hannunta. Idan ka ga ciwon ya fi haka zurfi, ka taimaka mata ta sami wani daban da za ta gani, wanda ba shi da hannu a aikinta.

Mataki na 7: Dubi abin da ke faruwa tsakaninku

Tun 1955 Harold Searles, wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, ya lura cewa abin da ke gudana tsakanin ma'aikaci da wanda yake taimako yakan sake bayyana tsakanin ma'aikacin da mai duba shi. Ka sa ido. Kana ta kawo shawara, tana cewa, "Haka ne Malam, amma na gwada." Ka ƙara bayani, ta sunkuya tana rubutu. Ka fara jin haushi, ka ce a ranka yarinyar nan ba ta son koyo. To ka zama ita, ita kuma ta zama Alhaji. Ka tsaya, ka faɗa a fili ba tare da zargi ba: "Kin lura ni ke ta magana, ke kin yi shiru? Ina jin abin da ke faruwa a ɗakinki ne ya biyo ki nan. Me zan yi daban da zai sa ki sami bakin magana?" Amsar da za ta ba ka sau da yawa ita ce abin da Alhaji ke buƙata daga gare ta.

Mataki na 8: Zato uku, gwaji, da motsi ɗaya

Ƙungiyar masu ba iyali shawara ta birnin Milan a Italiya, wato Mara Selvini Palazzoli, Luigi Boscolo, Gianfranco Cecchin da Giuliana Prata, sun koyar a 1980 cewa a shiga kowane zama da zato, a kuma riƙe shi sako-sako. Ɗalibin da aikinsa ya cije zato ɗaya gare shi, ya kuma mai da shi gaskiya. Ka sa ta kawo uku, da sharaɗin kada ko ɗaya ya zama zagi ga wani. Misali: yaro da uba duka suna makokin mace ɗaya, kowa a ɓoye. Ko kuwa yaron ya gano cewa in ya ɓata ne kaɗai iyayensa ke zama wuri ɗaya su yi magana. Ko kuma uban na ganin in ya matso kusa da ɗan uwargida za a ce ya karkata, in ya ja baya a ce ya yi watsi, sai ya zaɓi shiru.

Daga nan a fitar da tambayoyi irin na Milan, waɗanda ake yi wa mutum game da dangantakar wasu biyu. Suna dacewa da mu ƙwarai, domin Bahaushe ya fi sakin baki kan abin da ya lura da shi a kan abin da ke ransa. A tambayi uwa: "Hajiya, da marigayiya na raye, me za ta ce wa Alhaji kan yaron nan?" A tambayi yaro: "Tun rasuwar kaka, wa ya fi yin shiru a gidanku?" A tambayi uba: "Alhaji, a cikin halayen yaron nan, wanne ne ka ce na mahaifiyarka ne?"

Sai ku gwada. Ita ta zauna a kujerar Alhaji, da waya a hannu, kai ka zama ita, ka yi mata tambayar da ta saba yi: "Ka ji abin da Hajiya ta ce?" Bari ta ji yadda take sauka. Sannan ku sauya, ta gwada sababbin tambayoyin har sai sun zauna a bakinta da kalmominta. Kada ta fita da dabaru biyar. Motsi ɗaya ya isa. A misalinmu, ta kira Alhaji ta nemi ganinsa shi kaɗai, a lokacin da ya zaɓa, ta fara da yi masa ta'aziyyar da ba ta yi ba.

Mataki na 9: Idan bai motsa ba, shiga ɗakin

A asibitin kula da yara na Filadelfiya, wanda Salvador Minuchin ya fara shugabanta a 1965, shi da Jay Haley da Braulio Montalvo sun horar da ma'aikata ta hanyar kallon zama kai tsaye ta bayan gilashin da ake gani ta gefe ɗaya, suna kiran ɗalibi a waya idan akwai gyara. Da wannan hanya har mutanen unguwa marasa digiri suka horar suka zama masu ba iyali shawara, abin da ya kamata ya ƙarfafa gwiwar duk mai aiki da kwamitocin sulhu. Montalvo ya rubuta a 1973 cewa dole a amince da ƙa'idoji kafin a fara. Wadda na fi ba muhimmanci ita ce ɗalibi ya san bambancin "ki yi" da "kina iya yi": na farko umarni ne saboda kare wani, na biyu shawara ce da za ta iya ajiyewa.

A 1985 a garin Tromso na ƙasar Norway, Tom Andersen da abokan aikinsa suna bayan gilashi suna kallon wani ma'aikaci da iyali suka ja shi cikin yanke ƙauna. Sun ba shi shawara ta ƙi kamawa. Sai suka tambayi iyalin ko za su so su ji abin da masu kallon ke tattaunawa, aka juya fitila da lasifika, iyalin suka zama masu sauraro. Wannan hanya ba ta buƙatar gilashi. Da izinin iyalin, kai da wani abokin aiki ku zauna a gefe ku saurara na kusan minti 30. Sannan ɗalibar ta ce a dakata, ku biyu ku fuskanci juna, ku yi magana minti biyar zuwa goma kan abin da kuka ji. Ku yi magana da "ko dai" da "na yi ta tunanin", ku tsaya kan abin da aka faɗa a ɗakin, ku ambaci ƙoƙarin kowa, kada ku yanke hukunci. Bayan nan ɗalibar ta tambayi iyalin abin da ya kama su da abin da bai dace da su ba.

Hatsarin a wajenmu shi ne girma. Da ka shiga, Alhaji zai gyara zama ya ce, "Yawwa Dakta, kai za ka faɗa mana gaskiya." Idan ka karɓa, ka gama da ɗalibarka a gidan nan. Ka zauna a baya da ita, ka bar ta ta buɗe zaman ta kuma rufe, in an jefo maka tambaya ka ce, "Alhaji, Malama ce ta san gidanka, ni baƙo ne yau, na zo in taya ta saurare."

Mataki na 10: A faɗa wa iyalin, a bibiya, a san lokacin miƙawa

Iyalin sun san aikin ya tsaya, tun kafin ɗalibar ta sani. Ta faɗa musu ba tare da ɗora wa kowa ba: "Na lura mun yi makonni muna zagaye wuri ɗaya, kuma ina ganin akwai abin da ban fahimta ba tukuna." A ƙarshen kowane zama ta nemi ra'ayin kowa. Idan ta ce "Yaya kuka ga zaman yau?" amsar ita ce "Alhamdu lillahi", don haka ta tambayi abin da ladabi ba zai rufe ba: me ya kamata mu taɓo yau da ba mu taɓo ba? Wa bai sami bakin magana ba?

Kai kuma ka buɗe zamanku na gaba da gidan, kada ka jira ta ɗauko. Ku amince kan alamomin da za a gani da ido: uba ya zo, yaro ya kwana gida sau nawa a mako, wa ya yi magana da wa ba tare da an sa shi ba. Ku ba sabon motsin zama uku ko huɗu.

Idan bayan haka babu canji, ko wani a gidan ya ce sam ba zai iya sakin jiki da ita ba, a duba haɗa ta da ma'aikaci namiji su zauna tare, ko a miƙa gidan gaba ɗaya. A yi miƙawar a zama guda da tsohuwar ma'aikaciya da sabon ma'aikaci, ita ta faɗi abin da aka cim ma da abin da ya rage a gaban iyalin. Bayan nan ku zauna ku rubuta shafi ɗaya: inda ya cije, abin da aka gwada, abin da ta gano game da inda take tsayawa idan uba ya yi shiru. Gida na gaba mai kama da wannan, ita za ka ba, kuma ku saurari zaman farko tare.